Ƙaramar kwaleji ko babbar jami'a: ina mai son binciken ilimin halittu za ta fara a Amurka?

Tambaya: Wani Alhaji mazaunin Niyok ya ce 'yarsa tana shekarar ƙarshe a sakandare, kuma burinta ta zama mai bincike a ilimin halittu, musamman kan cutar sikila da ke cikin danginsu. Mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu ta rubuta mata Grinnell, Haverford, Reed, Wooster da Bowdoin. Shi bai taɓa jin ko ɗaya ba, ga shi kuma ya ga ana kiransu kwalejojin "liberal arts". Yana tambaya: ta yaya za a tura mai son kimiyya kwalejin "arts"? In ma za a tura ta, da me ake auna wadda ta fi?

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya yarinya, ya sa wa karatun albarka.

Bari in fara cire maka ƙayar da sunan ya soka maka, don ni ma ta soke ni farkon zuwana ƙasar nan. Mu a gida in an ce kwaleji, hankalinmu kan tafi kwalejin ilimi mai ba da NCE, wadda da yawa ke shiga in jami'a ba ta samu ba. In aka ce "arts" kuma, sai mu tuna ajin da 'yan gudun lissafi ke tarewa a SS1. A Amurka ba haka abin yake ba. Makarantun da aka rubuta wa 'yarka digirin shekara huɗu suke bayarwa, irin na kowace jami'a, kuma da shi ake shiga makarantar likitanci ko karatun digirin digirgir. "Liberal arts" tsohon suna ne na fannoni bakwai da jami'o'in Turai na da suke son kowane mai ilimi ya ratsa: nahawu, balaga, manɗiƙi, hisabi, handasa, kiɗa da falaki. A yau nufinsa ɗalibi ya ƙware a fanni ɗaya, amma ya ɗanɗani wasu. 'Yarka za ta yi ilimin halittu da sinadarai da lissafi, a tsakani ta ɗauki tarihi ko Larabci, kuma za a sa ta rubutu har hannunta ya gaji. Inda suka bambanta da jami'a shi ne ƙanana ne, ɗalibai daga 1,400 zuwa 2,000 da 'yan kai, yawancinsu a cikin makaranta suke kwana, kuma babu ɗaliban digiri na biyu da na uku, ko kuma 'yan ƙalilan ne. Riƙe wannan na ƙarshen, don a kansa maganar ta rataya.

Tunda sikila ce ta ja hankalinta, ga labarin da ya shafe ta kai tsaye. A watan Disamba na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Casgevy, maganin sikila da ake yi ta hanyar gyara ƙwayoyin gadon majiyyaci. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikinsa, a taɓa wani wuri a DNA ɗinsu don su koma yin irin haimogulobin da ɗan tayi ke yi, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini ta zama lauje, sannan a mayar masa da su. Farashinsa dala miliyan 2.2, wanda ya isa ya nuna maka aikin da ya rage wa tsarar 'yarka. Almakashin da ake gyaran da shi, CRISPR, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier ne suka nuna yadda ake sarrafa shi a 2012, suka karɓi kyautar Nobel a 2020. Doudna a Pomona ta yi digirin farko, wata ƙaramar kwaleji a Kalifoniya, ta gama a 1985. Wanda ta ƙara gogewa a hannunsa bayan digirgir, Thomas Cech, a Grinnell ɗin nan da ba ka taɓa ji ba ya gama a 1970, shi ma ya samu Nobel a 1989. Cech ya rubuta wata maƙala a mujallar Daedalus a 1999, inda ya nuna cewa in aka auna da yawan ɗaliban da suke yayewa, irin waɗannan kwalejoji na fitar da waɗanda daga baya ke yin digirgir a kimiyya kusan ninki biyu na abin da makarantun digirin farko ke fitarwa gaba ɗaya. Kada sunayen su ruɗe ka dai. Kwalejojin nan tun farko zaɓaɓɓun yara suke ɗauka, waɗanda ko ina aka kai su za su yi fice. Kuma a nan garinku, kwalejin Hunter, babbar makaranta ta gwamnatin birni, ta yaye mata biyu da suka samu Nobel a fannin likitanci, Rosalyn Yalow da Gertrude Elion.

In faɗa maka inda na tsaya tukuna: a babbar jami'a na yi digirgir, yanzu kuma a ƙaramar kwaleji nake koyarwa, don haka ka rage wani abu daga yabona, kamar yadda ake rage wa mai talla.

A ɗakin gwajin da na yi digirgir mun kai mu ashirin. Farfesa na sama, yawancin lokacinsa yana neman kuɗin bincike ko yana hanyar taro. Ƙarƙashinsa waɗanda suka gama digirgir suna ƙara gogewa, sai mu, sai ma'aikata, can ƙarshen layi sai 'yan digirin farko. An haɗa ni da wata yarinya mai ƙwazo. Zango guda ta yi tana wanke kwalabe, tana zuba abincin bakteriya a faranti, tana jera tsinkunan fifet, abin zuƙo ruwan gwaji, a akwati. Ba mugunta ba ce; aikina ne hanyar cin abincina, ba zan miƙa wa sabon hannu samfurin da na yi wata shida ina haɗawa ba. Farfesa sau biyu ya kira ta da sunan wata. Da ta nemi takardar shaida, ni na rubuta, shi ya sa hannu.

A ƙaramar kwaleji ba ni da wannan runduna. In ban koya wa 'yar shekara goma sha tara aikin ba, bincikena ya mutu, kuma ba za a tabbatar da ni a aiki ba. Larura ce ta haɗa mu, ba kirki kawai ba. Wata ɗaliba da ta gama shekara ta biyu ta yi hutun bazara a wurina. Ƙarfe bakwai da rabi na safe tana kan madubin hangen ƙananan halittu, da ɗan burushi a hannu, ta sumar da ƙudajen 'ya'yan itace da iskar kabon tana ware matan da ba su sadu da namiji ba, domin awa takwas kawai ake da ita bayan sun ƙyanƙyashe, in ta wuce aikin ya lalace. Wannan hannunta ya faɗa da shi cikin kwana uku. Abin da ya ƙi shi ne gwajin da ake ninka gutsuren DNA. Mako uku tana yi, kullum in ta haska sakamakon babu komai, fili fetal. Ta canza sinadarai, ta canza zafi, ta yi kuka sau ɗaya a bayan firiza tana zaton ban gani ba. Ranar wata Alhamis ta zo da takarda ta nuna min cewa ɗaya daga cikin gajerun zaren DNA da muka yi oda a juye aka rubuta shi, kuma ni na duba odar na sa hannu. Ita ta gano, ba ni ba. Da ta nemi gurbin digirgir, wannan labarin na rubuta a takardar shaidarta. Masu tantancewa na karanta ɗaruruwan takardu da ke cewa ɗalibi haziƙi ne. Abin da suke nema shi ne malamin da ya ga yaro ya faɗi ya tashi da idonsa. Takardu uku ake buƙata galibi, kuma nauyinsu ya kai na sakamakon jarrabawa.

To amma ba kowace ƙaramar kwaleji ce haka ba, kuma a nan ne iyaye ke yin asara. Akwai waɗanda malamansu ke koyar da darussa huɗu kowane zango; mai wannan nauyi ba ya bincike, ko me aka rubuta a takardar talla. Inda ake bincike da gaske, biyu ne ko uku. Ba sai kun bar gida ba za ku fara ganewa. Ku zauna kai da ita, ku buɗe shafin sashen ilimin halittu na kowace kwaleji, ku ƙirga malamai. Ku cire waɗanda aka rubuta musu "visiting", wato na wucin gadi, masu kwangilar shekara ɗaya ko biyu, don ba za su kai ta ƙarshe ba. Ku cire waɗanda suka yi ritaya amma aka bar hotonsu. Abin da ya rage, sau da yawa tsakanin takwas ne da goma sha biyar. Sai ta ɗauki sunan kowanne ta sa a PubMed ko Google Scholar, shafukan neman maƙalolin bincike, dukansu kyauta ne, ta duba shekaru biyar da suka wuce. Ba yawan maƙaloli za ta ƙirga ba: malamin ƙaramar kwaleji da ke fitar da ɗaya a shekara ko biyu yana ƙoƙari. Sunayen da ke kan maƙalar za ta duba. Malamai da yawa kan sa tauraro a gefen sunan ɗalibin digirin farko a jerin ayyukansu. In ta ga taurari, musamman a sunan farko, ɗalibai na yin aikin da hannunsu. In duk maƙalolin daga tsohon ɗakin gwajinsa ne na kafin a ɗauke shi aiki, shekara takwas ke nan shiru, to koyarwa kawai yake yi. Yana iya zama malami nagari, amma ba shi take nema ba. Wata alama kuma ita ce tallafin gwamnati: hukumar binciken lafiya ta NIH na da wanda ake kira R15, hukumar tallafa wa kimiyya ta NSF na da RUI, duka don makarantun da ba manyan cibiyoyin bincike ba, kuma suna son a sa ɗalibai a aikin. Sunayen waɗanda suka samu a buɗe suke a shafukan hukumomin.

Shawarar da nake maimaita wa kowa ita ce kada ta je kwaleji saboda malami ɗaya. Na ga yaron da ya zo saboda wata malamar ilimin ƙwaƙwalwa, shekararsa ta uku ta tafi hutun bincike na shekara guda, daga can wata jami'a ta ɗauke ta. Ya ƙare yana ƙirga kwaɗi a tafki, aikin da bai taɓa so ba. A babbar jami'a in ƙofa ɗaya ta rufe akwai ɗari. A nan akwai goma. Ta tabbata a kowace kwaleji ta samu aƙalla malamai uku da za ta iya yin shekara biyu a ɗakin gwajinsu ba tare da ƙunci ba. Wadda ba ta kai uku ba, a soke ta, ko da sunanta ya cika duniya.

Sai maganar hutun bazara, wadda iyaye ba sa tambaya, alhali nan ne ake zama mai bincike. A lokacin karatu awa shida ko takwas a mako take samu a ɗakin gwaji, tsakanin darussa. A bazara kuwa mako takwas zuwa goma ne, safe da yamma, ana biyanta alawus da galibi ke tsakanin dala 4,000 zuwa 6,000, wasu wuraren har da ɗaki. Tambayar da za a yi wa sashen ita ce: bara ɗalibai nawa suka nema, nawa suka samu, kuma akwai 'yan shekarar farko a ciki? In aka amsa da "ɗalibanmu na da damammaki da yawa", a sake tambaya, lamba ake so. A tambayi kuma daga ina kuɗin ke fitowa. Grinnell, alal misali, tana da dukiyar ajiya mai kauri duk da tana tsakiyar gonakin masara a jihar Iowa, kuma tana da tsarin da take kira MAP na aikin bincike tare da malami. Kwalejin da ke biya daga aljihunta ba ta girgiza in siyasa ta juya. An ga hakan a 2025, lokacin da jami'o'i da dama suka soke shirye-shiryen bazara saboda rashin tabbas kan kuɗin gwamnatin tarayya. Shirin NSF mai suna REU, wanda ke kai ɗaliban ƙananan makarantu manyan jami'o'i su yi bazara, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin kaɗai. In 'yarka na cikinsu, ƙofa ce babba. In ba ta ciki, kuɗin kwalejin kanta ya zama komai, sai kuma 'yan wurare irin cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor a Long Island, da ke karɓar ɗalibi daga kowace ƙasa, amma gurbin kaɗan ne.

A jerin da aka ba ta akwai abu ɗaya da ya burge ni, ya nuna mai shawarar ta san aikinta. A kwalejoji da yawa, kundin shekarar ƙarshe gata ne na waɗanda makinsu ya kai wani mataki, a wasu kuma bitar abin da wasu suka rubuta ne a laburare, ba gwaji ba. A Reed da Wooster da Haverford kowa sai ya yi. A Reed sai ɗalibi ya ci wata jarrabawar cancanta a shekara ta uku, ya yi shekara guda kan kundinsa, sannan ya zauna gaban malamai ya kare shi da baki. Wooster tun ƙarshen shekarun 1940 take da tsarinta na nazari mai zaman kansa, ɗalibi da malaminsa su haɗu duk mako su biyu. Ranar da aka miƙa kundin ana ba kowa baji mai lamba da alawa guda, a yi jerin gwano a makaranta. Amfanin tilas shi ne yarinya mai kunya ba sai ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi ba. 'Ya'yanmu da aka rena kan kada su kalli babba a ido sukan yi asarar shekara biyu kafin su iya ce wa farfesa "ina son aiki a wurinka". Tsarin da ya ɗora wa makaranta nauyin nemo mata malami ya toshe wannan ramin. Ta duba kuma ko ana fara bincike tun darasin shekarar farko. Akwai wani shiri, SEA-PHAGES, da cibiyar Howard Hughes ta fara a 2008, inda sababbin ɗalibai ke ɗebo ƙasa daga bayan hostel su tace ƙwayar bairos mai cin bakteriya wadda ba a taɓa gani ba, su raɗa mata suna, su karanta DNA ɗinta. Kowace makaranta da irin nata, sunan ba shi ne muhimmi ba.

Ilimin halittu kuma faɗi gare shi, kowane sashe da inda ya karkata. Haverford an san ta da ilimin ƙwayar halitta da abin da ke cikinta, tana da wani darasin ɗakin gwaji mai tsanani a shekara ta uku da suke kira Superlab. Mai son tsuntsaye da daji yakan ɗauki darussa a maƙwabciyarta Bryn Mawr, don ɗaliban biyu na shiga azuzuwan juna. Bowdoin bakin teku take a jihar Maine, tana da tashar bincike a tsibirin Kent da ke ruwan Kanada tun shekarun 1930, inda ake bin wasu tsuntsayen teku masu ƙwai a rami tun shekarun 1950, ɗalibai na zura hannu har kafaɗa su ciro tsuntsu su duba zobensa. Grinnell na da filin ciyayi na eka 365 don gwaje-gwaje. A garin Wooster akwai cibiyar binciken noma ta jami'ar jihar Ohio. Dukansu suna koyar da ilimin gado da na ƙwayar halitta, amma ƙarfin ba ɗaya ba ne.

Nan zan gaya maka abin da ba zai yi wa yarinya daɗi ba: da wuya ta taɓa jinin mai sikila a ko ɗaya daga cikinsu. Babu asibiti, babu majiyyata, babu manyan ɗakunan ɓeraye. Da yis, abin kumbura burodi, za ta yi aiki, ko ƙuda, ko wata tsutsa mai tsawon milimita ɗaya, ko ɗan kifin da ake ganin jininsa na gudu ta cikin fata. Wannan ba hasara ba ce. Wadda ta iya yanka DNA a yis, ta iya tsara gwaji da abin kwatance, ta iya gane lokacin da sakamako ke yaudararta, za ta koyi jini cikin wata uku a digirgir. CRISPR kanta daga nazarin yadda bakteriya ke kare kansu aka samo ta, ba daga gadon asibiti ba. Amma in zuciyarta ta kafe sai ta ga majiyyaci, maƙwabta za ta duba. Haverford minti ashirin ce a jirgin ƙasa zuwa Filadelfiya, inda jami'ar Pennsylvania da babban asibitin yara suke, wurin da ake aikin sikila sosai. Reed na cikin birnin Portland na jihar Oregon, wanda ke da jami'ar likitanci. Kuma ku sa babbar jami'ar Stony Brook a jerin, ta jiharku ce, tana da asibiti, kuɗinta na ɗan jiha ne. Yarinya mai baki, wadda ba ta jin nauyin aika imel goma, za ta yi nisa a can. Kai ka san 'yarka.

Jerin martaba na mujallar U.S. News kada ya cinye muku lokaci. Reed ta daina ba su bayanai tun 1995, suka sauke ta ƙasa, alhali tana cikin na gaba-gaba a ƙasar wajen yaye waɗanda ke yin digirgir a ilimin halittu. Haka in kun je ziyara aka nuna muku sabon gini mai gilashi da na'urar dala rabin miliyan, ba girin-girin ba, ta yi mai: ku tambayi ɗalibin da ke zagayawa da ku wa ke da makullin ɗakin, kuma yaushe ɗalibi ya taɓa na'urar shi kaɗai.

Kuɗi. Farashin da za ka gani a shafin manyan cikinsu ya haura dala 80,000 a shekara, har da ɗaki da abinci. Kada ka rufe shafin. Iyali mai matsakaicin samu ba ya biyan wannan. Doka ta wajabta wa kowace kwaleji ta sa na'urar lissafin ainihin abin da za ka biya a shafinta. Ka sa alƙaluman harajinka, minti goma sha biyar ya isa. Bowdoin ta cire bashi daga tallafinta tun 2008, Grinnell tun 2021, kuma dukansu biyu, da Haverford da Reed, suna alkawarin cike duk giɓin da lissafinsu ya nuna. Wooster ta fi bayar da tallafin hazaƙa. Sau da yawa ƙaramar kwaleji mai dukiya kan fi jami'ar jiha sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. Fom biyu ne na neman tallafi, FAFSA da CSS Profile, kuma na biyun yana tambaya har kan gida da sana'a, a cike shi da gaskiya. Dalilin da ya sa nake matsa maganar bashi shi ne hanyar da take so doguwa ce. Digirgir a ilimin halittu kyauta ne a nan, har ana biyan alawus, amma shekara biyar zuwa shida ne na ɗan abin da zai riƙe rai. Wadda ta fito da bashin dala 60,000 takan bar bincike ta nemi aikin da zai biya. Saboda haka ku yi hattara da neman gurbi na wuri mai ɗaure ɗalibi, wanda in an ɗauke ta dole ta je, domin yana hana ku jera takardun tallafi ku gwada.

Ga masu karanta wannan daga gida, lissafinku daban ne. Ƙananan kwalejojin da ba sa duba aljihun ɗalibin waje kafin su ɗauke shi kaɗan ne ƙwarai, Amherst da Bowdoin na ciki; sauran suna ba da tallafi mai kyau amma ga mutum ƙalilan. Kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita biza ga 'yan ƙasashe da dama, Chadi da Sudan tun watan Yuni, Nijar da Najeriya a Disamba, har da bizar ɗalibai. A tuntuɓi ofishin EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, a Abuja ko Legas a ji halin da ake ciki kafin a kashe ko sisi.

Saura abin da na san shi ya fi damunka, ko da ba ka rubuta ba: yarinya baƙar fata mai hijabi, wadda ta tashi a unguwar da ake jin Hausa a bakin titi, za a kai ta garin mutum 9,000 da 'yan kai. Grinnell ke nan, tafiyar awa guda a mota daga Des Moines, da hunturun da ke daskarar da gashin ido. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma tana shafar bincike kai tsaye, don mai kaɗaici ba ya tashi ƙarfe bakwai ya ware ƙudaje. Wasu yaran kan yi fure a irin wannan wuri, kowa ya san su, malami ya kira su buɗa-baki a gidansa. Wasu kan bushe. Haverford awa biyu ce a mota daga gare ka, kuma Filadelfiya cike take da Musulmi. Bowdoin ba ta da nisa da Lewiston, inda Somaliyawa suka yi kaka-gida da masallatansu da shagunan nama. Reed sai an yi awa shida a jirgin sama. Kowace makaranta za ta ce maka tana da abincin halal da wurin salla. Da na gaba ake gane zurfin ruwa: ta nemi shugabar ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta tambaye ta me suka ci da sahur a azumin bara.

Da 'yata ce, da wannan buri nata, Haverford zan sa a gaba saboda irin ilimin halittunta da maƙwabtanta da kusancinta da gida, Grinnell da Bowdoin su biyo baya in takardar tallafinsu ta fi, Wooster a matsayin wadda ta fi sauƙin shiga kuma ba za ta bar ta a baya ba. Reed sai ga yarinyar da ke son karatu mai tsanani kuma nisa bai dame ta ba. Amma wannan jerin nawa ne kafin ta yi aikin ƙirga malamai, kuma sakamakonta na iya juya shi. In ta gama, ta rubuta wa malami ɗaya a kowace kwaleji gajeren imel da kanta, ba kai ba: ta ce ta karanta maƙalarsa kaza, ga abin da ba ta gane ba, kuma ko zai haɗa ta da ɗalibar da ke aiki a wurinsa. Malaman ƙananan kwalejoji kan amsa, kuma yadda suka amsa wa yarinyar da ba su sani ba zai nuna mata yadda za su riƙe ta.

Ranar 1 ga Mayu ɗalibi ke ba kwalejin da ya zaɓa amsar ƙarshe. Ku yi ziyarar a Afrilu, tsakiyar mako, lokacin da 'yan shekarar ƙarshe ke fama da kundi ido ya yi ja, don a lokacin ba mai ƙarfin yi muku ado da magana. Ka bar ta ta shiga ɗakin gwajin ita kaɗai, kai kuma ka zagaya ka nemo inda ake sallar Juma'a. Allah ya zaɓa mata mafi alheri.